Sai-an-duba da Agwagin Kurciya

Kamfanin da ƙanena yake aiki za su karrama shi. Ya cika shekara ashirin bai taɓa makara ba, kuma shekara goma sha shida ke nan babu wanda ya rasa ko farce a ɓangarensa. Za su buga ɗan littafi da hotonsa a bango, suka ce wani cikin dangi ya rubuta tarihinsa a taƙaice. Aka ɗora mini, wai ni ce babba, kuma ni ce mai shagon buga takardu. To ga tarihi. In sun ga dama su buga, in ba su ga dama ba, injin fotokwafi a shagona yake.

Shi ne autanmu. Mu shida ne, ni ce ta fari, na goya shi har sai da ƙafafunsa suka fara dukan bayan gwiwata. Tun yana yaro ba ya shiga ɗaki sai ya leƙa bayan ƙofa. In aka raba mana alawa, shi sai ya juya takardar yana neman ranar lalacewa, mu kuwa mun tsotse namu mun zuba wa tasa ido. An saya masa keke yana aji huɗu, ya yi sati biyu yana karanta takardar da aka haɗo keken da ita. Kafin ya kai shafin ƙarshe yayyensa maza sun karya feda. Mahaifiyarmu takan ce yaron nan akwai hankali. Ban taɓa musu ba. Abin da na ce shi ne ban ga inda hankalin ya taɓa kai shi ba sai bakin ƙofa.

Da ya gama karatu ya samu aiki a kamfanin kwalabe, ɓangaren kiyaye haɗurra. Hular kwano, riga mai ƙyalli, allo da takarda a hannu, yana zagaya injina yana durƙusawa yana leƙen ƙarƙashinsu. Ma'aikata suka sa masa suna Sai-an-duba, domin duk abin da ka tambaye shi amsar ke nan. Za a kunna inji? Sai an duba. Za a buɗe ƙofar baya iska ta shigo? Sai an duba. Sunan ya bi shi har gida, har surukarsa da shi take kiransa in ba ya kusa.

Akwai abin da dole in faɗa don kada a ce na zalunce shi. A shekararsa ta huɗu wani mai tuƙa inji ya roƙe shi a cire murfin kariya na minti goma kawai, a ƙarasa aiki a tashi. Auta ya ce, "To, amma yi sauri." Mutumin ya bar yatsu uku a cikin injin. Ƙanena ya yi wata guda yana zuwa asibiti kullum, yana zama gefen gadon. Daga nan ya daina furta kalmar "to". Na san wannan, kuma na tausaya masa. Amma kamfanin kwalabe daban, falon mutum daban.

Ya auri malamar firamare, mace mai haƙurin da har yakan ba ni haushi. Suka haifi biyu. Babbar mace ce, muna ce mata Kurciya saboda tun tana jaririya kukanta a hankali yake. Ƙaramin namiji ne, Guntu, kuma sunan ya dace da shi.

Kurciya tana shekara shida wata ƙawarta a makaranta ta ba ta takardar talla ta wani babban wurin wasan yara, irin wanda sai an yi tafiyar wuni guda a mota, a kama masauki a kwana biyu. A jikin takardar akwai lilo iri-iri, akwai jirgin ƙasa, akwai wani abu dogo da ke hawa sama ya murɗe ya gangaro da mutane suna ihu, wai shi Maciji. Duk ba su dame ta ba. Idonta yana kan wani ɗan hoto a kusurwa: ƙananan kwale-kwale masu siffar agwagwa, launin ɗorawa, suna bin wata 'yar hanyar ruwa, kowace agwagwa da yaro ɗaya a ciki, da ƙararrawa a wuyanta da yaron zai kaɗa. Babu babba a ciki. Ina jin wannan ne ya kama ta. Yarinyar da ba a bari ta tsallaka kwata sai an riƙe mata hannu.

Ina gidan ranar da ta kai masa takardar.

"Baba, za ka kai ni in hau agwagwa?"

Ya juya takardar, ya karanta ƙananan rubutun da ke baya. Ina jiran in ji sai an duba. Sai ya kalle ta ya ce, "Zan kai ki. Na yi alkawari."

Har na ji kunyar zaton da na yi masa.

Bayan sati uku ya shigo shagona da fayil. Ya buga musu waya, sun aiko masa da littafin ƙa'idojin wurin, shafi arba'in da wani abu, ya karance shi tas ya ja layi da jan biro.

"Yaya, ki buga mini wannan. Kwafi uku."

Na duba. Tsarin Tafiya, Bugu na Ɗaya. Na ce, "Yaushe za ku tafi? Hutun nan?"

"Ba zai yiwu ba. Duba shafi na biyu."

A shafi na biyu ya zana jadawali. Ashe kowane abin hawa a wurin da ƙa'idarsa ta tsawo. Maciji, sai yaro ya kai santimita ɗari da goma, kuma da babba a gefensa. Agwagi kuma, kada yaro ya wuce ɗari da talatin. Kurciya lokacin ɗari da sha shida take. Guntu, mai shekara huɗu, ɗari cif.

"To ai ga shi nan," na ce. "Ita agwagwa take so, ta cika ƙa'ida. Ku tafi."

"Guntu fa? Saura santimita goma ya kai Maciji."

"Guntu ya ce maka yana son Maciji? Yaron da ke gudun zakara?"

"Idan muka je yanzu, shi zai hau abu tara, ita sha huɗu. Ba adalci. Na yi lissafi, Yaya. Nan da wata ashirin zai kai ɗari da goma, ita kuma tana ɗari da ashirin da shida. Akwai tazarar wata biyar zuwa shida da kowa zai iya hawa komai. A cikinta za mu je."

"Ku je yanzu, ku sake zuwa in ya yi tsawo mana."

Ya kalle ni kamar na ce a cire murfin inji. "Tafiya biyu a kan wannan titin? Da yara?"

Na buga masa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan in na tuna, da hannuna na buga.

Daga ranar, kowace Asabar da safe kafin a karya, akwai awo. A jikin ƙofar kicin. Ya kawo tef ɗin ƙarfe daga wurin aiki, da rula mai kusurwa da zai ɗora a kan yaro, da fensir da yake feƙewa da reza don layin ya fita siriri. Yaro ya cire takalmi, ya jingina bayansa, ya kalli gaba. A ja layi, a rubuta kwanan wata, a shigar a fayil. Guntu a ɓangaren dama na ƙofar, Kurciya a hagu. Matarsa ta ce ƙofar ta koma kamar allon ajinta.

Tsarin kuwa sai girma yake. Bugu na biyu ya ƙara taswirar wurin da duk inda banɗaki yake, da adadin takun da ke tsakaninsu. Bugu na huɗu ya nuna inda inuwa take faɗawa da ƙarfe sha biyu da inda take komawa da ƙarfe uku. A bugu na shida kowane yaro ya samu usur da kati mai lambar waya da zai rataya a wuya, na saka musu a leda da injina. Wata Lahadi na je gidan na tarar an jera kujeru a baranda, uwa da yara suna tsaye a bayansu ɗaya bayan ɗaya, shi yana riƙe da agogo.

"Me ake rabawa?" na ce.

Matarsa ta ce, "Gwajin layi muke, Yaya. Wai layin Maciji yakan kai minti arba'in, yana so ya ga ko Guntu zai iya riƙe fitsari."

"Ya iya?"

"Minti sha ɗaya," in ji ƙanena, yana rubutawa.

Maƙwabta kuwa sai yabo. Ga uba na gari. Mai kanti na bakin layinsu yakan ce wa nasa 'ya'yan, ku dubi yadda mutumin nan yake ɗawainiya da iyalinsa. A taron iyaye na makaranta an taɓa kiransa ya yi bayani kan yadda ake shirya tafiya da ƙananan yara. Ya yi minti hamsin yana magana, an tafa masa. Mutumin da bai taɓa kai yaran ko'ina ba.

Wata ashirin ya zo ya wuce. Guntu bai karanta jadawalin ba, sai ya yi tsawonsa yadda ya ga dama, wata uku ba ya ƙara ko kaurin fensir. Aka fara ba shi ƙwai biyu da madara safe da yamma. Aka kafa masa ƙarfe a tsakar gida yana lilo da hannu wai ƙashin baya ya miƙe. Ita kuma Kurciya, abin mamaki, da ta kai ɗari da ashirin da takwas sai ta tsaya cak. Sati bayan sati, layi a kan layi. Uban ya ji daɗi sosai. Ya ce mini, "Kin gani, Yaya? Yara mata sukan ɗan dakata a wannan shekarun. Tazararmu tana nan."

A lokacin tana aji uku, in an tashi daga makaranta takan biyo shagona ta jira uwarta. Ta zauna a kan kwalin takardu tana haɗa mini shafuka. Na lura ta rame, wuyanta ya yi tsawo kamar mariƙin lema, kuma ta koyi wata tafiya a sunkuye kamar mai neman allura. Rannan ta shigo da jakar makaranta a ka, ba a baya ba.

"Ke kuma tallar me kike?"

"Ƙawata ta ce kaya a ka yana danne mutum."

"Danne shi ya yi me?"

Ta haɗa shafi biyu, ta buga musu ƙusa. Can ta ce, "Gwaggo, me mutum yake ci ya daina tsawo?"

Na kashe injin. Na ce ta cire takalmi ta tsaya jikin bango. Ta tsaya. Doguwar riga ce a jikinta har idon sawu, sai a lokacin na tuna rabon da in gan ta da gajeren siket tun bara. Na ɗaga rigar. Gwiwoyinta a lanƙwashe, kamar mai shirin zama a kujerar da babu.

"Miƙe."

"Gwaggo..."

"Miƙe na ce."

Ta miƙe, ta ɗago wuya. Na auna da rular shago, sau biyu. Ɗari da talatin da biyu.

Ta gaya mini komai, ba kuka, kamar mai ba da rahoto. Wata bakwai ke nan tana lanƙwasa gwiwa ranar Asabar. Da farko kaɗan, yanzu har cinyarta takan yi rawa kafin ya gama feƙe fensir. Ƙwanta na safe Guntu take ba, a ƙarƙashin tebur, don shi ya yi sauri ita ta yi jinkiri. Uban da ke durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin kowane inji a kamfani, wata bakwai yana auna 'yarsa bai taɓa kallon ƙasa da goshinta ba. Idonsa yana kan rula da bakin fensir.

"Bari uban naki ya zo."

Ta riƙe mini hannu. "Kada ki faɗa masa, Gwaggo. In ya sani zai soke agwagi daga takardar."

Na buɗe baki in ce haba, sai na rufe. Gaskiya ta faɗa. Zai ɗauki jan biro da rula ya ja layi madaidaici a kai, ya rubuta dalili a gefe, ya kawo mini in buga bugu na gaba.

Sai na shiga yaƙi ta wata hanya. Guntu yana ɗari da takwas. Na ɗauki littafin ƙa'idojin nan na karanta shi ni ma, abin da ban taɓa yi wa littafin makarantata ba. A shafi na talatin da ɗaya na samu abin da nake nema. Ranar da ya zo da bugu na goma na tare shi.

"Kai Auta, a wurin nan da takalmi suke auna yara ko ba takalmi?"

Ya tsaya. Ya buɗe littafin. Ya fita waje ya buga waya, na hango shi yana kai da komowa yana rubutu a tafin hannu. Ya dawo fuskarsa a sake. "Da takalmi. Takalmin Guntu santimita biyu da rabi ne. Yaya, ya kai."

"To alhamdu lillahi, a sa rana."

"Amma ita ma takalmi zai ƙara mata. Ɗari da ashirin da takwas da biyu, talatin cif. A kan layi."

"Zan saya mata mai faɗi, marar dunduniya."

Ya ce ai kuwa ina da basira, da na yi karatu mai zurfi da na yi nisa. Na haɗiye wannan ma.

Aka sa rana, hutun ƙarshen zango. A tsarin, kowane yaro da babba ɗaya, sannan da ƙarin babba ko da wani abu ya faru. Ni ce safaya. Muka tashi ƙarfe shida da minti goma, muka tsaya sau huɗu a wuraren da ya riga ya zaɓa, kowa ya shiga banɗaki ko yana ji ko ba ya ji. Guntu ya yi ta busa usur har uwarsa ta karɓe. Kurciya tana gefena a baya. Na sayo mata wani takalmi da tafinsa bai fi kwali ba, da doguwar riga mai faɗi. Lokaci-lokaci sai in ji tana matsa cinyarta da hannu.

Washegari muna bakin ƙofar wurin tun kafin masu shara su gama. Ba zan ɓoye ba, wurin ya yi kyau. Kiɗa, launuka, ƙamshin suga da ake ƙonawa, yara ko'ina suna jan iyayensu. Namu iyayen ne suke jan su, domin jirgin ƙasa ƙarfe tara da kwata ne, motocin karo tara da arba'in, shan ruwa goma da biyar. Agwagi ƙarfe goma da arba'in.

Ga su nan kuwa. Sun fi na hoton tsufa, fentin wasu ya ɗaye, ɗaya ma babu ido guda. Ruwan da suke bi bai kai gwiwata ba, ana ganin ƙasansa da murafen kwalba a ciki. Amma ƙararrawar tana kaɗawa. Kurciya ta riƙe ƙarfen shingen da hannu biyu tana kallo, bakinta a ɗan buɗe.

A bakin shiga akwai sanda a tsaye da wani katako a gicciye a samanta, yaro ya wuce ta ƙarƙashi. In kansa ya taɓa, ya yi girma. Mai kula da wurin mace ce sa'ata, da hular rana da kujerar roba, ka ganta ka ga wadda ta ga yara dubu ta gaji. Iyaye ba sa shiga layin, akwai inda aka ware musu a gefe, taku goma daga sandar. Nan muka tsaya mu uku.

Guntu ya wuce, katakon yana can sama da shi. Sai Kurciya. Ta sauke kafaɗa, ta shigar da wuya, ta tafi a hankali rigar tana share ƙasa. Gashinta ya ɗan goga katakon. Matar ta kalli kan, ta kalli rigar, ta kalli inda gwiwa ta turo yadi. Ta gani sarai. Ta ɗago ta dube mu, idonmu ya haɗu da nata. Sai ta ce, "Wuce, 'yata. Ɗauki ta uku, ita ta fi ƙararrawa mai daɗi."

Har na saki numfashi.

"Dakata."

Ƙanena ne. Shekara biyu da rabi yana auna yarinyar nan hancinsa a jikin goshinta. Ranar ce kawai aka tilasta masa ya tsaya nesa, ya gan ta daga sama har ƙasa.

"Baiwar Allah, a sake auna ta. Gwiwarta a lanƙwashe take."

Matar ta ce, "Na auna, malam. Ta wuce."

"Ba ta wuce ba. Ƙa'idarku ta ce ɗari da talatin, a tsaye sosai. Shafi na sha bakwai."

"Kai ne mahaifinta?"

"Ni ne."

"To ni ce mai agwagi, na ce ta hau."

Matarsa ta taɓa masa hannu. "Baban Kurciya, don Allah."

Na ce, "Auta, ruwan nan ko kaza ba zai cinye ba. Rufe bakinka."

Bai ko kalle ni ba. Muryarsa ba ta tashi ba. "Ba a sa lamba a banza, Yaya. In nauyi ya yi yawa a sama, abin zai iya kifewa. In ya kife da ita fuskarta a ƙasa fa? Minti nawa ake ɗauka? Wanda ya rubuta lambar nan ya san abin da ya gani." Ya juya wurin yarinyar. "Kurciya, tsaya sosai."

Layi ya tsaya, iyaye suna leƙe. Mai agwagi ta kawar da kai, tunda an ambaci shafi a gaban jama'a babu yadda za ta yi.

Kurciya ta dawo ƙarƙashin sandar. Ta miƙe gwiwa, ta miƙe baya, ta ɗago wuya. Katakon ya tsaya mata a tsakiyar goshi. Ta fito daga layin da kanta, ba wanda ya ce ta fito, ta zo ta tsaya a gabansa. Kanta ya kai masa aljihun riga.

Ya yi ta kallonta. Ya buɗe fayil, ya rufe. "Yaushe kika yi wannan tsawon?"

"Kullum kana aunawa, Baba."

Ba ta yi kuka ba. Na so ta yi, da na samu abin rarrashi. Ta karɓi jakar ruwa daga hannun uwarta ta rataya, ta koma jikin shingen. Guntu ya hau agwagwa ta uku, ya zagaya sau ɗaya yana tsala ihu a fitar da shi, ko taɓa ƙararrawar bai yi ba.

Maciji sha ɗaya da rabi ne. Muka je. Aka auna Guntu, ɗari da goma da rabi, ya cika ƙa'ida. Ya ɗaga kai ya ga abin ya taho daga sama da mutane a kife, sai ya zauna a ƙasa ya rungume ƙafar uwarsa da hannu da ƙafa. Ba roƙo, ba alawa, ba abin da ya ɓamɓare shi. Santimita goman da muka yi shekara biyu da rabi muna jira ke nan.

Uban ya durƙusa gaban Kurciya. "Ke kin kai. Zo mu hau tare, ni da ke."

"A'a, Baba. Na gode."

"To me kike so? Akwai sauran abu tara a tsarin."

"Zan koma can in zauna."

Ta koma wurin agwagi, ta samu benci ta zauna. Ni na bi ta. Can sai ga shi ya zo ya zauna a ɗaya gefen, fayil a cinya. Sha biyu ta yi, lokacin cin abinci a inuwar da ya zaɓa, bai motsa ba. Ƙarfe ɗaya ta wuce. Mu uku muna kallon 'ya'yan mutane suna kaɗa ƙararrawa. Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Da kin faɗa mini, da na gyara lissafin."

Ta ce, "Na sani."

Masu son labari mai daɗi za su ce daga ranar ya canza. Bai canza ba. Ya daina awon Asabar, wannan gaskiya ne, ya sa aka yi wa ƙofar kicin fenti. Amma da muka dawo ya rubuta wa wurin wasan wasiƙa yana ba su shawarar su riƙa sa yara su ɗaga riga zuwa gwiwa lokacin awo. Bai sa sunan matar ba, wannan kam na ba shi. Wasiƙar a wani shago ya buga ta, don ya san ni.

Kurciya yanzu shekararta goma sha biyar. Ta fi uwarta tsawo, tana tafiya a miƙe kamar sanda, tana cin ƙwanta. Ba ta raina uban ba, tana gaishe shi da ladabi, tana goge masa hular kwano in ta yi ƙura. Shi kuma yana sonta, wannan ko makaho ya sani. In ta yi tari sau biyu sai ya fito da ma'aunin zafi.

Watan jiya makarantarsu ta shirya kai 'yan ajinsu yawon buɗe ido na kwana uku. Uwar ce ta sa hannu a takarda, ni na saya mata jaka, kayan a shagona aka ajiye su sati biyu. Ranar tafiyar na kai jakar gidan da safe, na tarar yana ɗaura takalmi zai fita aiki. Ta fito da kayan makaranta ta ce, "Baba, yau za mu yi tafiya da 'yan ajinmu. Mota tana tashi ƙarfe takwas, sai jibi."

Ya saki igiyar takalmin. Ya kalli jakar, ya kalle ni, ya kalli matarsa da ta samu abin gogewa a jikin tebur.

"Tun yaushe aka sa rana?"

"Wata biyu."

"Wata biyu. Me ya sa ba ki faɗa mini tun da wuri ba, in shirya miki?"

Ta ɗauki jakar ta rataya a kafaɗa. "Shi ya sa, Baba."

Ya raka ta har bakin titi da igiyar takalmi ɗaya a kwance, ya tsaya yana kallo har ta sha kwana.